Alhaji Mamman Shata Katsina (1923–1999): Ɗan Fulanin Da Bai Gaji Kiɗa Ba

A ranar Juma'a, 18 ga watan Yuni, 1999, makonni uku bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula, Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata Katsina rasuwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Da aka ɗauko gawarsa daga Kano, ba a nufi Musawa inda aka yanke masa cibiya ba, ba a kuma nufi Funtuwa inda ya yi zaman kusan shekara 40 ba. Daura aka kai shi, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, kamar yadda shi da kansa ya so, kuma Sarkin ya halarci jana'izar. Wannan makwanci ya dace da mai shi, domin tun yana saurayi Shata ne yake zaɓa wa kansa: shi ya zaɓi sana'arsa, shi ya zaɓi garin zamansa, shi ya zaɓi iyayen gidansa, a zamanin da ɗa yake tashi ya tarar an riga an yanke masa duk waɗannan tun kafin a haife shi.

Asali da gidan da ya fito

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a shekarar 1923 a garin Musawa, wanda a lokacin yake ƙarƙashin En'e ta Katsina, yanzu kuma hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, Bafulatani. Mahaifiyarsa Lariya ita ma Bafulatana ce, daga zuriyar da ake kira Fulata Barno, wato Fulanin da suka baro ƙasar Barno suka zauna a sassan ƙasar Hausa, kuma a Tofa ta ƙasar Kano aka haife ta. Saboda haka ta uwa da ta uba, mutumin da ya zama babbar muryar harshen Hausa a ƙarni na 20 jinin Fulani ne.

Wannan asali shi ne katangar farko da ya ci karo da ita. Duk wanda ya san Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, ya san nauyin abin da Fulani suke kira pulaaku: kunya, kawaici, haƙuri da kame kai daga nuna buƙata a gaban mutane. A tsarin Fulani akwai masu yabo da kirari, waɗanda ake kira wambaaɓe, amma rukuninsu daban ne, kuma ɗan gidan mutunci ba ya shiga cikinsu. Mutumin da aka rena a kan cewa abin kunya ne a gan shi yana cin abinci a bainar jama'a, ina zai iya jure ganin ɗansa tsaye a dandali yana wasa wani domin a ba shi kyauta? A idon Ibrahim Yaro waƙa roƙo ce, roƙo kuwa zubar da girma ne. Abin da ya so wa ɗansa shi ne noma ko fatauci.

Katanga ta biyu ta Hausawa ce. A ƙasar Hausa ta wancan zamani sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya tashi a maƙera, ɗan mahauci a mahauta, ɗan wanzami ya ɗauki zabira. Haka kiɗa yake. Musa Ɗanƙwairo, alal misali, a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya koyi kiɗa, ya yi amshi shekara da shekaru kafin ya jagoranci ƙungiya. Shata bai tarar da ganga a gidansu ba, bai yi wa kowa yaranta a kiɗa ba, ba shi da fadar da take jiran sa. A ma'aunin mutanensa ya sauka daga matsayinsa, a ma'aunin makaɗa kuma shigege ne.

Daga tallan alewa zuwa dandali

Kamar sauran yaran Musawa, an sa shi makarantar allo, ya kuma taɓa noma. Da ya tasa sai ya shiga sayar da goro, daga baya ya koma sayar da alewa yana bin kasuwannin ƙauyuka. A wannan lokaci ne wani ɗan'uwansu mai suna Salamu ya laƙaba masa sunan Shata, sunan da ya danne na yanka har abada. Talla ita ce makarantarsa ta farko a waƙa. Mai tallan alewa dole ya ja hankalin mai wucewa da gajeriyar magana mai daɗi, ya karanci fuskar wanda ya tsaya, ya san wanda zai zolaya da wanda zai wasa. Duk waɗannan sun bi Shata har ƙarshen rayuwarsa.

Da dare kuma, bayan an ci tuwo, samari da 'yan mata sukan hallara a dandali ana kiɗa ana waƙa don nishaɗi. A nan ne aka fara gane cewa yaron nan na gidan Ibrahim Yaro ya fi tsaransa: magana ba ta yanke masa, kuma duk abin da ya gani a wurin sai ya saka shi cikin waƙa nan take. Ana haka har aka fara gayyatar sa ƙauyukan kewaye, kyauta ta fara shigowa, sai ya ajiye faifan alewa ya rungumi waƙa gaba ɗaya, ba tare da yardar mahaifinsa ba.

Wanda ya fara riƙe shi da hannu biyu shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, wanda yake aikin En'e a Bakori a harkar sayen auduga da gyaɗa. Shi ya kira shi ya koma Bakori, a can ne kuma Shata ya yi aurensa na fari. Daga Bakori ya riƙa fita da makaɗansa zuwa Katsina da Kano. A 1952, a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka yi wani gagarumin biki a Kano wanda aka fi sani da Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta da dama a lokaci guda. Wasan da Shata ya yi a wannan biki shi ya buɗe masa birnin Kano, wanda Kano ta karɓa kuwa a lokacin, Arewa ta karɓe shi.

A 1960 ya tare a Funtuwa. Zaɓin garin ma akwai hikima a cikinsa. Funtuwa ba birnin sarki mai sanda ba ne, garin jirgin ƙasa ne da injin gurzar auduga, mahaɗar hanyoyin Zariya da Katsina da Sakkwato, cike da baƙi da direbobi da 'yan kasuwa. Daga nan yana iya kaiwa ko'ina, kuma ba ya zaune a inuwar kowace fada.

Kalangu da salon da ya ƙirƙira

Manyan mawaƙan da Shata ya tarar makaɗan fada ne, kowa da sarkinsa da irin gangarsa. Ibrahim Narambaɗa yana kaɗa kotso ga Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana kaɗa taushi ga Sarkin Musulmi Abubakar III, Sarkin Taushin Katsina yana fadar Sarki Usman Nagogo. Kotso da taushi kayan fada ne masu alfarma. Kalangu kuwa gangar mahauta ce da 'yan dambe da 'yan mata a dandali, wadda ba a kai ta gaban sarki da sunan girmamawa. Da ita Shata ya fito, da ita ya shiga fadoji, bai taɓa sauya ta ba.

Kalangu tana da baki biyu da siririn tsakiya, an haɗa fatun bakunan da tsarkiya. Makaɗi yana rataye ta a hammata, in ya matse tsarkiyar sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu tana iya bin hawa da saukar magana har mai sauraro ya ji kamar ganga ce take faɗin kalmomin. Shata ya tara masu kalangu da dama suna kaɗawa tare, su ne kuma 'yan amshinsa, ga maroƙi a gefe yana sanar da kyautar da aka yi da sunan wanda ya yi ta.

Babban bambancinsa da makaɗan fada yana wajen amshi. A ƙungiyar makaɗan fada, jagora yakan fara ɗan waƙa 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, abin da ba ya yiwuwa sai an zauna an tsara waƙar an haddace ta tun a gida. A wajen Shata amshi gajere ne, layi ɗaya tak, ba ya canzawa daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta. Duk sauran nauyin yana kansa shi kaɗai. Tsakanin amshi da amshi yana da 'yan daƙiƙoƙi da zai ƙirƙiro abin da zai faɗa, ya daidaita shi da kiɗa, ya kuma sa ya dace da mutanen da ke gabansa. Wannan tsari ne ya ba shi damar yin sabuwar waƙa a tsaye, ga mutumin da bai taɓa gani ba sai a wannan dare.

Sakamakon haka, waƙar Shata ba ta da siffa guda tabbatacciya. Bakandamiya, wadda a cikinta yake wasa kansa yana bayyana fifikonsa a kan sauran mawaƙa, an ɗauke ta sau da yawa, kuma kowane ɗauka ya sha bamban da ɗan'uwansa: amshin yana nan, amma garuruwa da mutane da labaran da ke ciki suna sauyawa gwargwadon wuri da lokaci. Shi kansa bai san adadin waƙoƙin da ya yi ba. Da yawa an yi su a biki ko a gidan wani, aka watse, suka tafi da iskar daren.

Hausarsa kuma mai sauƙi ce. Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna waƙa da Sakkwatanci mai zurfi, cike da tsofaffin kalmomi da tarihin gidajen sarauta, wanda sai an zauna an yi wa baƙo fashin baƙi. Shata yana amfani da kalmomin kasuwa da tasha, gajerun jimloli, maimaici da barkwanci. Gwanintarsa tana wajen sanin inda zai ajiye kalma da lokacin da zai yi shiru ya bar kalangu ta yi magana.

Mawaƙin kowa da kowa

Da yake ba shi da sarki guda da ya mallake shi, Shata ya yi wa kowa waƙa. Ya yi wa sarakuna, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966, kuma amincin da ke tsakaninsu ya wuce na mawaƙi da mai kyauta. Ya yi wa hakimai da attajirai da ma'aikatan gwamnati da hafsoshin soja. Amma ya yi wa direbobi, da dogarai, da 'yan bori, da mata masu zaman kansu, mutanen da makaɗin fada ba zai ɓata bakinsa a kansu ba. Akwai mutanen da ba su riƙe wata sarauta ba, ba su bar wani gini ba, amma har yau ana ambaton sunayensu daga Sakkwato zuwa Yola saboda kawai Shata ya saka su a waƙa.

Bai tsaya ga yabon mutane ba. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya da kiran haɗin kan ƙasa. Ya yi waƙoƙin zaburar da 'yan Arewa su tashi su nemi ilimi da sana'a, da na noma, da na aure. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, ya yi waƙar Kumbo Apollo 11, ya kawo labarin da ya girgiza duniya cikin harshen da manomi a Musawa zai fahimta.

Harshen da ya iya yabo ya iya zambo. Gagarabadau tana cikin waƙoƙin zambo mafi shahara a Hausa, kuma tsoron irin wannan waƙa ya sa manya da yawa suna lallaɓa shi. A nan ne ake ganin yadda ya juya ma'anar roƙo. Maroƙin da mahaifinsa yake ƙyama mutum ne mai rusunawa yana jiran abin da za a jefa masa. Shata kuwa ya kai matsayin da masu mulki da masu kuɗi ne suke neman ya ambace su, suna kuma fargabar ranar da zai juya musu baya. Duk wanda ya yi aiki kusa da masu iko ya san ƙarancin mutanen da suke cin abincin babba ba tare da sun sayar masa da bakinsu ba.

Ba a rasa abin suka a rayuwarsa ba, shi ma bai ɓoye ba. Waƙar da ya yi wa mashaya giya ta jawo masa fushin malamai da na masu tsoron Allah da yawa, kuma har yau akwai gidajen da ba a sa ta. Bakin da ya yi wannan waƙa shi ne kuma ya yi waƙar yabon Annabi Muhammadu (SAW) wadda take cikin waƙoƙinsa da aka fi so, ya kuma sauke farali. Masu son su wanke shi tas da masu son su jefar da shi gaba ɗaya duk sun kasa, domin mutumin ya ƙunshi duka biyun.

Rediyo, faifai da kaset

Shata ya yi sa'ar zamani. Tashensa ya zo daidai da kafa gidan rediyon Arewa a Kaduna a 1962, wanda ake kama shi a kan gajeren zango har wajen Nijeriya. Kamfanoni irin su EMI sun buga waƙoƙinsa a faifan garmaho, daga baya kaset ya zo ya sauƙaƙa kwafi, talabijin kuma ta nuna wa mutane fuskar da suka daɗe suna jin muryarta. Ya yi wasa a ƙasashen Afirka ta Yamma inda akwai zangon Hausawa, ya kuma je Ingila da Amurka.

Gari irin Jimeta ya nuna abin da wannan yaɗuwa take nufi. A cikin Yola fadar Lamiɗo tana magana da Fulfulde, amma a kasuwar Jimeta da tashoshinta, inda Bafulatani da Bachama da Chamba da Kilba da Margi suke cuɗanya, Hausa ce harshen ciniki. Mutumin da ya koyi Hausa a kasuwa zai sha wuya kafin ya bi Narambaɗa, amma yana jin Shata daga farko har ƙarshe, yana dariya a inda ya kamata. Haka abin yake a Garwa da Marwa a Kamaru, da zangon Kumasi a Gana. Ɗan Fulanin da aka hana waƙa saboda Fulatancinsa ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin da Hausa ta bi ta shiga kunnen waɗanda ba Hausawa ba, har da Fulanin da ba su bar harshensu ba.

Siyasa da karramawa

Bai tsaya kallon siyasa daga gefe ba. A shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, a tsohuwar Jihar Kaduna, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga GNPP, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na Ƙaramar Hukumar Funtuwa, amma bai daɗe ba aka tsige shi bayan saɓani da jagororin jam'iyyar a jihar. Halin da ya ɗaukaka shi a waƙa, wato ƙin bin umarnin kowa, bai yi masa rana a jam'iyya ba.

Masana sun riga gwamnati gane darajarsa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya zama Shugaban Jami'ar Bayero ta Kano, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka da nazari a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba shi lambar girma ta MON. Mutumin da bai taɓa zama a ajin boko ba ya sa rigar malaman jami'a, kuma tun daga nan Dakta ya shiga cikin sunayensa. A 2006, shekara 7 bayan rasuwarsa, aka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa tare da abokan aikinsa.

A ƙarshen rayuwarsa rashin lafiya ya kama shi, aka yi jinyarsa a Kano da Jidda, har wa'adi ya cika yana da shekara 76, bayan ya shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa.

Gadon da ya bari

Mutumin da bai gaji kiɗa ba ya bar gadon da ya fi ƙarfin gida guda, kuma wannan gado yana cikin haɗari saboda irin salon da ya haife shi. Da yake kowane wasa sabuwar waƙa ce, kowane ɗauka da ya lalace ya tafi da abin da babu kwafinsa a wani wuri. Abin da ya rage yana warwatse a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da talabijin, da hannun masu sha'awa da suka tara kaset, a kan tef ɗin da zafi da ƙura da damina suke ci kowace shekara. Abin da ke yawo a intanet da katin waya kaɗan ne daga ciki, sau da yawa ba shekara, ba wurin ɗauka, ba bayanin wanda aka yi wa waƙar, tsofaffin da suka san waɗannan bayanai kuma suna ƙarewa.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare aikin mawaƙi har shekara 70 bayan rasuwarsa, wato waƙoƙin Shata suna da kariya har zuwa ƙarshen 2069. Doka tana kare haƙƙi, amma ba ta hana tef ruɓewa. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, da Hukumar Talabijin ta Ƙasa, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa duk hukumomin tarayya ne, kuma aikin tattara waɗannan waƙoƙi, a mayar da su na'ura, a rubuta tarihin kowace ɗaya, aiki ne da ke farawa daga takarda a kan teburin wani ma'aikaci a Abuja. Wanda takardar ta biyo ta hannunsa, wataƙila da muryar Shata ya zo ofis a motarsa da safe.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, ya gafarta masa kurakuransa.